Kyauta Ko Rance? Tsokaci Kan So Na Gaskiya A Koyarwar Ɗariƙar Katolika

Gabatarwa

Da wuya a sami kalmar da ta sha wahala a bakin samari da 'yan mata kamar kalmar so. Da ita ake buɗe hira a dandali, da ita ake rufe wasiƙa, a yau kuwa ita ce ke yawo daga waya zuwa waya tun wayewar gari har dare ya raba. Mai amana da ita yake rantsuwa, mayaudari ma da ita yake rantsuwa, sau da yawa ma muryar mayaudarin ta fi zaƙi. Tun da yake haka ne, ya zama wajibi mu tambayi kanmu: da wane ma'auni ake bambanta so na gaskiya da na bogi?

Mu da muke karatu da koyarwa a wannan ɓangare na ƙasar nan, zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka muke yi da mabiya ɗariƙar Katolika. Da su muke kwana ɗaki ɗaya, da su muke zama aji ɗaya, a cikinmu ma masu magana da Hausa akwai 'yan wannan ɗariƙa da dama. Mukan halarci ɗaurin aurensu, mu ci shinkafa, mu yi wa ango da amarya fatan alheri mu watse, ba tare da mun tsaya mun tambayi abin da ke ƙarƙashin alkawarin da muka ji sun ɗauka ba. Malaman wannan ɗariƙa kuwa sun daɗe suna nazarin tambayar da muka yi a sama, kuma amsarsu a taƙaice ita ce: so na gaskiya kyauta ce, kuma abin da ake kyautarwa shi ne kai. Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu fayyace wannan amsa, mu auna ta da ma'aunin hankali da na al'adarmu, mu kuma nuna inda take da wuyar haɗiya. Wa'azi dai aikin masu shi ne, mu namu nazari.

Mai Son Kaza

Harshenmu bai talauce ba a wannan fage. Muna da sha'awa, muna da bege, muna da so, muna kuma da ƙauna. Sai dai a maganar yau da kullum kalmar so ce ke ɗaukar kayan kowa. Mutum zai ce yana son mahaifiyarsa, ya juya ya ce yana son kaza. To, amma kowa ya san mai son kaza da wuƙa yake zuwa mata. Abin da yake so shi ne daɗin da zai ji a bakinsa, ita kuwa kazar hanya ce kawai ta kaiwa ga wannan daɗi.

Wannan bambanci shi ne mafarin koyarwar da muke nazari. Toma Akwinas, malamin Italiya da ya rayu daga 1225 zuwa 1274, wanda har yau ɗariƙar Katolika ke ɗaukarsa cikin manyan malamanta, ya ɗora tunaninsa kan na Aristotal, masanin falsafar Girka. A wurinsa, son mutum shi ne ka nufe shi da alheri. Ya raba so gida biyu: akwai son abu saboda amfanin da kake samu daga gare shi, akwai kuma son aboki, wanda kake yi wa fatan alheri saboda shi kansa. Na farko ba laifi ba ne in ga abinci ko doki ko riga aka nufa. Ɓarnar tana faruwa ne ranar da aka so ɗan Adam irin son da ake yi wa kaza.

Abin lura a nan shi ne, wannan bayani ya ɗauke so daga bugun zuciya ya mayar da shi ga niyya da aiki. Bugun zuciya kamar damina yake, yana zuwa yana wucewa, kuma ba wanda ke da iko da shi. Babu mai hankalin da zai yi alkawarin cewa bayan shekara talatin gabansa zai ci gaba da faɗuwa duk lokacin da ya hango matarsa. Amma mutum yana iya alkawarin cewa zai ci gaba da nufinta da alheri, a wadata ko a rashi, a lafiya ko a ciwo, domin wannan a hannunsa yake. Dalili ke nan da ya sa a cocin Katolika ake ɗaura aure a kan alkawari. Shauƙi abin maraba ne, sai dai ba shi ne harsashin ginin ba.

Kawu Da Ɗalibansa

Mutumin da ya fi kowa faɗaɗa wannan tunani a ƙarni na 20 shi ne Karol Wojtyla, ɗan ƙasar Polan, wanda duniya ta fi sani da Fafaroma John Paul na Biyu, wanda kuma ya ziyarci Nijeriya a 1982 da 1998. An haife shi a 1920. Kafin ya cika shekara 21 ya rasa uwa da wa da uba. A zamanin mamayar Jamus ya yi aikin fasa dutse, bayan yaƙi kuma ya ga ƙasarsa ta faɗa hannun 'yan gurguzu. Wato dai ya ga mulki iri biyu da idonsa, kowannensu yana ɗaukar ɗan Adam tamkar kayan aiki, in ya ƙare amfani a yar.

Bayan an naɗa shi limamin coci a 1946, an ba shi aikin kula da ɗaliban jami'a a birnin Krakow. Yakan fita da su yawon duwatsu da tuƙin kwale-kwale, kuma saboda hukumomin gurguzu ba sa son ganin limamai suna jan matasa a jiki, sai ɗaliban suka riƙa kiransa Kawu don kada a gane ko shi wane ne. A irin wannan yawo ne suke kawo masa damuwarsu ta neman aure da zaman aure. Daga waɗannan hirarraki, da laccocin da ya yi a Jami'ar Katolika ta Lublin, ya fitar da littafi a 1960 wanda za mu iya fassara sunansa da So Da Ɗaukar Nauyi. Mai karatu na iya cewa, ina ruwan biri da gada, me gwauro ya sani game da aure? Shi ma ya hango wannan suka, ya kuma amsa da cewa duk da iliminsa na ji ne, ya ji daga bakin ma'aurata masu yawa, alhali mai aure gidansa kaɗai ya sani.

Jigon littafin shi ne, babban abokin gabar so shi ne amfani da mutum, wanda ya fi ƙiyayya haɗari domin yakan zo sanye da rigar so. Masanin falsafar Jamus Immanuel Kant, wanda ya rasu a 1804, ya riga ya koyar da cewa bai halatta a mayar da ɗan Adam tsani kawai ba. Wojtyla ya karɓi wannan ya ƙara da cewa, hanin kaɗai bai wadatar ba, abin da ya dace da darajar mutum shi ne a so shi.

Ya kuma gano wani abu da ya kamata mu ɗalibai mu tsaya a kansa. Mutum biyu suna iya amfani da juna cikin yardar juna, har su ɗauka soyayya suke yi. Alal misali, saurayi yana tare da budurwa don kyanta yana ɗaga darajarsa cikin abokai, ita kuma tana tare da shi don yana biya mata kuɗin makaranta da na kati. Ba mai cutar wani a zahiri, kowa yana samun abin da ya kawo shi. To, amma son kai biyu ne suka yi dace da juna na wani lokaci, kamar fasinjoji biyu da mota ɗaya ta ɗauko. Ranar da aljihu ya bushe, ko ciwo ya taɓa fuska, sai a ji ɗayansu yana cewa so ya ƙare. Gaskiyar magana ita ce ciniki ne ya ƙare, domin so bai taɓa farawa ba. Bahaushe ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Saboda haka ma'aunin da Wojtyla ya bayar shi ne nauyin da mutum yake ji a wuyansa game da makomar wanda yake so, musamman a ranar da daɗi ya ja baya, ko ranar da masoyin ya yi tuntuɓe.

Wace Irin Kyauta?

Daga 1962 zuwa 1965 bishop-bishop na ɗariƙar Katolika daga ko'ina a duniya suka yi babban taron da ake kira Majalisar Vatikan ta Biyu. Cikin takardun da taron ya fitar a shekararsa ta ƙarshe akwai wadda ake kira Gaudium et Spes, kuma Wojtyla yana cikin waɗanda suka yi aikin tsara ta. A sakin layi na 24 takardar ta haɗa abubuwa biyu wuri guda. Na farko, Allah ya halicci mutum da daraja tasa ta kansa. Na biyu, duk da wannan daraja, mutum ba ya cika mutum yana ƙunshe da kansa, sai ya miƙa kansa ga wani da zuciya ɗaya. A aƙidarsu tushen wannan shi ne Allah da kansa ƙauna ne, kuma babban abin koyi shi ne Yesu Almasihu da ya ba da ransa. Ko rayuwar limamai da mata masu zaman zuhudu da ba sa aure, a kan wannan ma'auni suke fassara ta, wato wata hanya ce ta miƙa kai.

A nan ne harshenmu zai taimake mu, domin Bahaushe gwani ne wajen rarrabe kyauta. Akwai tsarabar matafiyi. Akwai gaisuwar da talaka ke kai wa mai mulki, wadda kowa ya san akwai buƙata a bayanta. Akwai tukuicin da ake ba ɗan aike. Akwai toshin da saurayi ke kai wa budurwa, wanda in magana ta lalace wani yakan zauna gaban manya ya lissafo shi tun daga turare har sabulu, ya ce a biya shi. Akwai kuma gudummawar biki ta mata, wadda ake riƙewa a ka ko a rubuta a littafi, don ranar bikin mai bayarwa a mayar mata da ƙari. Ba muna kushe waɗannan al'adu ba ne. Biki musamman dabara ce ta taimakon juna, 'yar uwar adashe, kuma ta rufa asirin gidaje da yawa. Sai dai in muka cire tsaraba, yawancinsu rance ne da ya yafa mayafin kyauta, domin don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Abin da malaman Katolika ke cewa shi ne, ana iya tafiyar da kasuwa da zumunci da siyasa a kan irin wannan lissafi, amma so na gaskiya ba ya rayuwa a cikin littafin biki. Miji ko matar da ke rubuta kowane alheri a shafi, yau na yi mata kaza, jiya na yafe masa kaza, suna jiran ranar biya, sun mayar da ɗakin aure rumfar mai ba da bashi. Dalili kuwa a fili yake. In kuɗi ka bayar ana iya mayar maka, in zane ne ana iya sayo wani. Amma wanda ya ba da kansa, wato shekarunsa da ƙuruciyarsa da amanarsa, ba abin da za a biya shi da shi sai wani kan. Shi ya sa suke cewa dole kyautar ta zama cikakkiya, ga mutum ɗaya, har mutuwa, kuma a bar ƙofar haihuwa a buɗe, kamar yadda Fafaroma Paul na Shida ya jaddada a 1968.

A kan wannan tushe ne kuma suka gina koyarwarsu game da jiki. Bayan ya zama Fafaroma a 1978, John Paul na Biyu ya yi jerin jawabai 129 a ranakun Laraba, daga 1979 zuwa 1984, yana bayanin cewa jiki ma yana da harshe, kuma yana iya faɗin gaskiya ko ƙarya. Saduwar namiji da mace tamkar furuci ne na cewa na ba ka kaina ɗungurungum. Idan aka yi wannan furuci da jiki alhali zuciya ta riƙe hanyar gudu, to an yi ƙarya, ko da baki bai furta komai ba.

Sharuɗɗa Biyu

Kyauta ba ta tabbata sai da sharuɗɗa biyu. Na farko, sai mai bayarwa ya mallaki abin da zai bayar, domin ba a kyauta da kayan aro. Wanda sha'awa ke jansa kamar raƙumi da akala, ko fushi ke juya shi yadda ya ga dama, bai mallaki kansa ba, balle ya miƙa wa wani. Wannan shi ne matsayin kamun kai a wannan koyarwa. Ba su ɗauke shi ƙyamar jiki ba, tanadi ne na abin da za a bayar, tun da sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Na biyu, sai an bayar da yardar rai. Abin da aka karɓa da ƙarfi ko da barazana ko da wayo sunansa ƙwace. Wani abin da ya faru a sansanin gwale-gwale na Auschwitz a 1941 ya isa misali. Wani fursuna ya ɓace, sai jami'an Jamus suka zaɓi mutum goma da za a kashe da yunwa don ya zama darasi. Ɗaya daga cikinsu, Franciszek Gajowniczek, ya fashe da kuka yana ambaton matarsa da 'ya'yansa. Sai wani limamin coci mai shekara 47, Maximilian Kolbe, ya fito daga layi ya roƙi a ɗauke shi a madadinsa. Aka amince. Bayan kimanin mako biyu a kurkukun yunwa, aka ƙarasa shi da allurar guba ran 14 ga Agusta. Gajowniczek ya rayu har 1995, kuma yana wurin a 1982 lokacin da aka sanya Kolbe cikin waliyyan cocin. Abin da muke so a lura da shi shi ne takun da Kolbe ya yi daga layi. Sauran tara an ƙwace rayukansu ne, shi kaɗai ne ya ba da nasa, kuma wannan taku ne ya bambanta su.

Wannan sharaɗi ya shiga har cikin dokokin cocin, waɗanda aka sabunta a 1983. Doka ta 1057 ta nuna cewa yardar ango da amarya ce ke ƙulla aure, kuma ba wani mai iko, uba ne ko sarki, da zai iya bayar da wannan yarda a madadinsu. Doka ta 1103 kuma ta ce auren da aka shiga saboda tilas ko tsoro mai tsanani bai ɗauru ba. Haka nan saurayin da ya ce wa budurwa in tana sonsa ta nuna masa, ya riga ya fallasa kansa. Mai neman a ba shi kyauta da sharaɗi da wa'adi, mai karɓar haraji ne.

Inda Gizo Ke Saƙa

Adalci ya buƙaci mu kawo sukar da ake yi wa wannan koyarwa. Suka ta farko ita ce, anya akwai ɗan Adam da zai iya so ba tare da fatan a so shi ba? Fafaroma Benedict na 16 ya amsa wannan a wasiƙarsa ta farko, mai kwanan watan Disambar 2005. Ya ce ba a nemi a kashe begen da ke jan namiji da mace zuwa ga juna ba, an nemi a tarbiyyantar da shi ne har ya girma ya zama damuwa da alherin masoyi. Ya kuma yarda cewa mutum ba zai yi ta bayarwa kullum ba, dole shi ma ya karɓa. Ashe fatan a so ka ba laifi ba ne. Bambancin yana tsakanin mai fata da mai bin bashi.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ta shafe mu duka, ko wane addini muke bi. Kalmomi masu kyau irin su sadaukarwa da haƙuri sukan zama bulala a hannun mai ƙarfi. Mun san matan da ake duka, su gudu gida, a ce musu su koma su yi haƙuri, wai haka aure yake. Mun san gidajen da ɗaya ke ta miƙa kai shekara da shekaru, ɗayan kuwa yana ta karɓa kamar mai cin gado. Idan koyarwar miƙa kai tana nufin a ci gaba da irin wannan, to ta zama abokiyar zalunci.

Sai dai in muka bi ta da ma'auninta, za mu ga ita ce ta fara hukunta azzalumin. Shi ne ya mayar da mutum kayan aiki, shi ne ya karɓi da ƙarfi abin da ba ya halatta sai da yarda. Ƙari a kan haka, tun da so shi ne nufin mutum da alheri, barin azzalumi ya ci gaba da zalunci ba alheri ba ne gare shi. Doka ta 1153 ta ba miji ko mata damar rabuwa da zama in ɗayan ya zama haɗari mai tsanani ga rai ko jikin abokin zamansa ko na 'ya'ya. Fafaroma Francis, wanda ya rasu a 2025, ya faɗa a takardarsa ta 2016 kan iyali cewa akwai halin da raba zama ke zama wajibi, don kare mai rauni da ƙananan yara daga cin zarafi. Duk da haka ba za mu ɓoye ba, abin da ke rubuce daban, abin da ake gaya wa mai kuka a zaure daban, kuma wannan giɓi nauyi ne a wuyan masu koyarwar.

Suka ta uku ita ce ta rashin saki. Wanda ya raba zama a wannan ɗariƙa ba shi da damar sake aure muddin abokin aurensa yana raye, sai fa in kotun coci ta bincika ta tabbatar da cewa tun asali auren bai ɗauru ba. A nan Musulunci da wasu ɗariƙun Kirista sun ɗauki wata hanya dabam, suna ganin saki ƙofa ce da ake ƙi amma ba a toshewa. Masu bin koyarwar Katolika suna cewa kyautar da aka ɗaura wa igiya don a janye ta wata rana ba ta cika kyauta ba. Masu suka kuma suna cewa an ɗora wa ɗan Adam kayan da ya fi ƙarfin wuyansa. Wannan saɓani ne na gaske, kuma ba maƙala irin wannan ce za ta raba gardamar ba.

Kammalawa

Mun ga yadda wannan koyarwa ta ɗauke so daga bugun zuciya ta ɗora shi kan nufin alheri, ta kira shi kyautar kai, ta kuma gindaya masa mallakar kai da yardar rai. Ba sai mutum ya karɓi aƙidar da ke ƙarƙashinta ba kafin ya amfana da ma'aunin da ta miƙo, domin tambayar da take yi tambaya ce da kowane mai hankali zai iya yi wa kansa cikin dare, lokacin da ba mai jinsa. Wannan da nake cewa ina so, in aka ɗebe abin da nake samu daga gare shi, me zai rage a zuciyata game da shi? In amsar ita ce ba komai, gara mutum ya san cewa ciniki yake yi, ya kuma daina ɓata sunan so. In kuwa akwai abin da ya rage, to wannan ragowar ce abin reno, kuma renonta aiki ne na shekaru, wanda galibi ake yinsa a wuraren da ba mai tafi, kamar bakin gadon asibiti ko gaban tukunyar da ba ta ishi kowa ba. Masu iya magana sun ce garin masoyi ba ya nisa. Gaskiya ne, amma ba su ce hanyar ba ta da ƙaya ba. A nan za mu dasa aya.